Bitar Soshiyal da wasan kwamfuta: gardamar yaran ce ribar, ba allon ba

Makon jiya na leƙa wata makarantar kuɗi a nan Kano inda ƙanwata take koyar da Soshiyal ga 'yan JSS 2, saƙo kawai na je karɓa amma hayaniyar da na jiyo daga ajinta ta sa na tsaya a bakin taga, wallahi na ɗauka dambe ake. Ashe bita suke. Ta raba yaran gida shida, ta jona laftof ɗinta da wata tsohuwar talabijin, tambaya na fitowa a allo da amsoshi huɗu cikin akwatuna masu launi, kowace ƙungiya da waya ɗaya a hannun shugabanta. Tambayar da na tarar ita ce a wace shekara aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Wani yaro ya dage shi dai 1987 ce, yarinyar da ke gefensa ta ce "kai dalla can, wannan ai Katsina ce, Jigawa 1991, kakana ya ce shekarar aka mayar da shi Dutse da aiki". Suka danna 1991, suka ci, aji ya kaure da ihu.

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar nan ya san yadda muka yi Soshiyal. Malam ya cika allo da rubutu, ma'anar iyali, ire-iren aure, rassan gwamnati uku, ku kwafa ku haddace ku juye a takardar jarrabawa, bayan sati biyu ko ɗaya ba ka iya tunawa. Ranar bita kuwa malam ya riƙo tsofaffin tambayoyi yana karantowa, mutum uku na sahun gaba ne ke ɗaga hannu, mu 'yan baya muna ta cinikin gyaɗa a ƙarƙashin benci. Darasin da ya kamata ya fi kowanne daɗi, tunda labarin gidanmu ne da unguwarmu da masu mulkinmu, shi ya zama maganin barci.

Manhajar da ƙanwar tawa ke amfani da ita sunanta Kahoot, daga ƙasar Nowe ta fito a 2013, tushenta wani bincike ne a jami'ar da ke birnin Trondheim. Akwai irinta da dama, Quizlet Live da sauransu. Amma dabarar ta girmi kwamfutar, tun shekarun 1970 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suke raba ɗalibai ƙungiya ƙungiya suna gasar bita. Mu ma ai ba baƙin abin ba ne, da kacici-kacicin makarantu a rediyo muka tashi, kafin shi kuma akwai ƙulun-ƙulufit a dandali.

Abin da ya sa nake goyon bayan wasan nan shi ne yana tilasta wa yaro ya zaƙulo abu daga kansa maimakon ya yi ta kallon littafi. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma aka rufe rubutun aka ce su tuno abin da ke ciki. Bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno ne suka fi riƙewa. Da na karanta wannan sai na yi dariya, don malaman allo sun daɗe da sanin haka, almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda da ka. To wasan kwamfutar nan hadda ce ta wani fannin, sai dai an sa mata maki da kiɗa, yaro yana ba da haddar bai ma san ita yake bayarwa ba.

Amma fa abin da ya fi burge ni a ajin nan ba makin ba ne, 'yan daƙiƙun nan ne kafin a danna amsa. A nan ne yarinyar ta jawo kakanta cikin darasi, a nan ne yaron ya gane ya haɗa Katsina da Jigawa, kuma ba malama ce ta kunyata shi gaban aji ba, abokiyar karatunsa ce ta gyara masa a tsakaninsu. Sannan na lura tambayar da Turanci take fitowa amma gardamar da Hausa ake yinta, kuma ƙanwar tawa ba ta hana ba, na ji daɗin hakan ƙwarai don a zamaninmu monita ne zai rubuta sunanka a cikin masu yin Hausa a ci ka tara. Yaron da ya iya bayyana wa ɗan'uwansa bambancin aikin majalisa da na gwamna da harshen da yake mafarki da shi, wannan ya gane darasin, Turancin zai biyo baya.

Yanzu ga inda nake da ja. Kahoot da ire-irenta sauri suke sakawa, tambaya ɗaya tana iya kai maki 1000 kuma gwargwadon saurinka gwargwadon abin da za ka samu. Wannan ya dace da tambaya irin ƙananan hukumomi nawa ne a Najeriya, 774, nawa ne a Kano, 44, an wuce wajen. Amma Soshiyal ba lissafin shekaru da lambobi ba ne kaɗai. Me ya sa matasa ke barin ƙauye su taho birni, me haɗe Kudu da Arewa da Lugga ya yi a 1914 ya jawo mana, me ke haddasa rikicin manomi da makiyayi, waɗannan ba a amsa su cikin daƙiƙa ashirin da danna jan akwati ko shuɗi. In malami bai yi hattara ba sai ya wayi gari ya mayar da darasin gaba ɗaya abin da ke shiga cikin akwati huɗu, yara su iya canka amma ba su iya ba da hujja ba. Kuma a kowace ƙungiya akwai wani mai bakin nan da zai ƙwace wayar ya yi ta dannawa, masu kunya, galibi 'yan mata da yaran da Turanci ke ba wuya, su koma 'yan kallo kamar dai yadda muke a bencin baya. An canza kaya ne kawai, jakin na nan.

Gyaran ba wuya gare shi ba amma aikin malami ne, ba na manhaja ba. A tsawaita lokacin amsa, wayar ta riƙa zagayawa hannu hannu, malami ya haɗa ƙungiyoyin da kansa kar ya bari masu ƙoƙari su tattaru wuri ɗaya. Quizlet Live ma ta yi wata dabara mai kyau, amsar daidai tana kan na'urar mutum ɗaya ne kawai a ƙungiyar, kuma in aka kuskure sau ɗaya maki ya koma sifili, dole a yi shawara ko ba a so. Sai babban abu, bayan kowace tambaya allon Kahoot yana nuna ƙungiya nawa ta zaɓi wace amsa. Ina tsaye aka tambayi wane reshen gwamnati ne ke fassara doka, ƙungiya huɗu cikin shida suka ce majalisa. Ƙanwar tawa ta tsayar da wasan, yara na ta "Anti a ci gaba mana", ta ƙi, ta ɗauki minti biyar tana tambayar su to in mutum biyu suka yi rigimar gona wa suke kai wa ƙara, ɗan majalisa ko alƙali. Malamin da ya wuce wannan wurin don kar ya ɓata wa yara nishaɗi, to wasa kawai ya yi da su.

Na san me wani zai ce, kai malam kana maganar makarantar kuɗi, mu ajinmu yara sun haura ɗari, ba wuta ba data, rufin ma yoyo yake. Gaskiya ne kuma ba zan ce wasa zai gyara rufi ba. Amma abin ba ya buƙatar kowane yaro da kwamfutarsa. Laftof ɗaya mai caji da tambayoyi a PowerPoint ya isa ba tare da intanet ba, kowace ƙungiya ta ɗaga kwali mai A ko B ko C ko D, wani yaro ya riƙa rubuta maki a allo. Akwai ma Plickers, yara su ɗaga katin da aka buga a takarda malami ya haska su da kyamarar wayarsa guda ɗaya. Kuma kar mu manta tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawa daga waje a 2024, amma har gobe akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta, hannu na rawa. Yaron da ya saba ganin tambaya a allo agogo na tafiya tun yana JSS ya rage wannan fargabar.

Abin da nake tsoro kawai kar wani babba ya karanta wannan ya ga hanyar kwangila, a sayo kwamfutoci a yi bikin ƙaddamarwa a ɗau hoto a kulle su a sito har batir ya kumbura, mun sha gani. Kuɗin da za a kashe a nan na horar da malamai ne su iya rubuta tambaya mai kyau, wadda amsoshin ƙaryar cikinta su ne ainihin kurakuran da yara ke yi, kamar 1987 ɗin nan.

Da aka tashi na tambayi ƙanwata sau nawa take yin wasan, ta ce sau biyu a wata, in ya wuce haka yaran gundura suke. Tambaya goma sha biyar take shiryawa kuma sai ta ci mata kusan awa biyu da dare bayan ta kwantar da nata yaran, datar ma daga albashinta take saye, wayoyi shidan kuwa uku aro ne daga ofis ɗin malamai, ɗaya tawa ce ta karɓe tun ina bakin taga.