An riƙe rijiya, an sayar da guga

To, an sayar. Masu tambayata tun jiya ko gaskiya ne, e, gaskiya ne. Kayan aikin fim na Kawu sun tafi wurin 'yan gwangwan, an ɗora su a sikeli kamar tsohon murhu, an miƙo riyal 80. Madalla. Kuɗin shinkafar mandi ta mutum uku. Allah ya sa ya zauna a ciki lafiya.

Wanda ya yi aikin taubashina ne, don haka kada wani ya shigo yana ce mini in rufa asiri, tsakanina da shi babu wannan. Da na kira shi sai ya ce, "Haba Yaya, ƙarfe ne fa kawai. Faya-fayan duk na adana, ko ɗaya ban taɓa ba." Ya faɗa, ya yi shiru, yana jiran godiya.

Ka adana me? Gwangwani 30 da wani abu na fim mai faɗin milimita 16, a saman gida, a zafin Jidda da laimar Jidda, ka kuma sayar da abin da za a buɗe su da shi. Da me za ka duba su? Da yatsa za ka warware ƙafa 400 a kan tabarma? Faifai ɗaya mai ƙafa 400 minti 11 ne kacal a kallo, amma hoto 16,000 ne a jere, 40 a kowace ƙafa. Warware shi a ƙasa ka ga yadda zai murɗe, ya kwashi ƙura, ya karce, ka zauna a tsakiya kamar kaza a cikin zare.

Ban ce Kawu yana da Moviola ba, wadda Iwan Serrurier ya fara sayar wa masu tace fim a Amurka a 1924, ban ce yana da teburin Steenbeck na Jamus ba. Wa ya ba shi? Nasa kayan talaka ne. Manaɗai biyu masu hannu da aka kafe da ƙusa a kan katako, ɗaya dama ɗaya hagu. Ƙaramin madubin leƙe na Zeiss mai fitila a ciki. Da ƙarfen haɗi, wanda ake yanke fim a kankare gefensa a shafa gam a danne. Ke nan. Amma je ka tambayi duk inda ake mayar da tsohon fim cikin kwamfuta a yau, kafin faifai ya kusanci injin, sai an ɗora shi a kan waɗannan manaɗai an bi shi da hannu daga kai har wutsiya. Ana neman hujin gefe da ya yage, ana neman tsohon haɗi da ya saki, ana duba ko ya ƙanƙance. Fim ɗin da ya ƙanƙance ka cusa shi a majigi, haƙoran injin za su tsattsage shi a gabanka, kana kallo.

Ina ɗan shekara 9 Kawu ya fara ba ni hannun manaɗin a unguwar Hindawiyya, zamanin da ake kafa farin ƙyalle a farfajiyar gida a jera benci. Fim in ya fito daga majigi wutsiyarsa ce a waje, sai an mayar da shi kafin a sake nunawa, aikina ke nan. Hannun dama na juyawa, tafin hagu na kan ɗaya faifan yana rage masa gudu, don in ka tsaya cak ba ka tare shi ba zai ci gaba da juyi ya zubo maka fim a ƙasa. Sau ɗaya na ja wutsiyar fim don naɗin ya matse. Rankwashin da na sha har yau ina jin wurin. "Ɗan nan, ba rawani ba ne," in ji shi. Sai da ya ɗaga fim ɗin a fitila ya nuna mini ƙananan karce da na yi wa fuskokin mutane. Shi kuwa in yana bi, ido rufe yake yi, yatsa biyu a gefen fim, ya tsaya daidai inda ya yage kamar an kira sunansa.

Aka rufe silima a Saudiyya a farkon shekarun 1980, bai sayar ba. Aka yi rusau a unguwannin nan a 2022, muka kwashe kaya a guje, katakon nan a cinyarsa ya riƙe a cikin mota. Kayan da suka tsallake wannan duka, magaji ne ya gama da su cikin la'asar ɗaya.

Na ga masu cewa ai komai yana YouTube. To nemo mini. Akwai gwangwanin da Kawu ya rubuta "Sawakin" a jikinsa da ajami, ya ce mini akwai mutanenmu a ciki suna jiran jirgin ruwa a wannan tashar ta Sudan, kuma yana kyautata zaton akwai Inna. Buga a YouTube ka turo mini. Masu cewa kayan gado ne, halal ne a sayar, wa ya ce haram ne? Halal ne ka sayar da tabarau ɗinka ka riƙe littafi. Masu cewa dama hoto ba abin ajiyewa ba ne, ku je, ba da ku nake ba yau.

Kuma "adanawar" ma da ake tinƙaho da ita. Na buɗe gwangwani uku da dare, biyu warin ruwan khal, wato binega, suka buge ni da shi. Wannan wari ba tsufa ba ne kawai, jikin fim ɗin ne ke ruɓewa yana fitar da tsami, zafi da laima na ƙara masa sauri, kuma mai warin yana shafa wa na kusa da shi. Ba a mayar da shi baya. Abin yi shi ne a bi su ɗaya-ɗaya, a ware masu ciwo, a sake naɗi, a san wanne za a fara ceta. Da me? Da abin da aka sayar riyal 80.

A Khartum an rushe ɗakin shirya fim na Jadallah Jubara, mai shirya finafinai ɗan Sudan, a 2008, amma 'yarsa ta tsaya a kan faya-fayan har aka mayar da su kwamfuta tare da wata cibiya ta Barlin. Shi ya sa ake ganin Khartum ta da a yau. Mu a nan tun 2018 aka sake buɗe silima, tun 2021 ana bikin finafinai a cikin Jiddar nan, yaranmu na zuwa su ɗauki hoto a bakin ƙofa. Taubashina ma ya je, na ga hoton. Da baƙin gilashi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada a ce na wanke kaina. Sau biyu Kawu ya ce in zo in ɗauka, na ce sai na sami wuri. Shekara biyu ina neman wuri. Ihu bayan hari nake yi, na sani. Tun jiya hannuna na dama yake yin wannan juyin shi kaɗai, ban iya barci ba.

Duk mai shiga harajin Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya, ranar Juma'a ya taimaka ya duba mini. Hannun ɗaya manaɗin na katako ne, ba na asali ba, Kawu ne ya sassaƙa shi daga ƙotar guduma. In kun gani kada ku nuna kuna so, ku taya kamar ƙarfe.

Af, keken ɗinkin Inna, Singer ɗin nan mai ƙafa, a gidan wa yake yanzu? Na tambaya a zauren WhatsApp na dangi tun safe, mutum 14 sun karanta, babu wanda ya amsa.