Guguwarsu Da Suna, Ambaliyarmu Babu

A nan Jidda, idan hira ta biyo ta kan Shaheen a cikinmu Hausawa mazauna, mai bin labarai ba ya tambayar wacce: guguwar teku ce da ta afka wa gaɓar Oman a Oktoban 2021. Ƙasar Ƙatar ce ta ba da sunan, kuma yana rubuce tun kafin iskar ta taso.

Tsarin ya burge ni ƙwarai. Tun 2004 ƙasashen da ke kewaye da arewacin Tekun Indiya suke raɗa wa guguwa suna. Saudiyya ta shigo a 2018, kuma jerin da aka fitar a 2020 na da sunaye 169, ƙasashe 13 kowacce ta kawo 13. Da zarar gudun iska ya kai kilomita 62 a sa'a, cibiyar hasashen yanayi ta New Delhi sai ta ɗauko suna na gaba. Haka Jawad na Saudiyya ya faɗa kan guguwar Disamban 2021 a can Tekun Bengal. Sunan da aka yi amfani da shi ba a sake maimaita shi, don haka masunci da ma'aikacin agaji da mai rubuta tarihi duk abu ɗaya suke nufi.

Mu fa a gida? Kakanninmu sun san amfanin suna: yunwar 1914 Kakalaba suka kira ta, shi ya sa ba ta ɓace ba. Amma sai bayan ta ci mutane. Yau ko wannan ba ma yi. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye Maiduguri, ga shi har an fara cewa "ambaliyar nan ta kwanaki".

Na san guguwar teku ba ta zuwa Kano. Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin manyan guguwowin Atlantika daga hadarin daminarmu suke farawa. Hadarin da ya yaye kwanon rufi a ƙauyenmu, ya kwantar da gero, shi ne zai wuce ta Senegal ya faɗa teku, a can ne cibiyar hasashen guguwa ta Amurka da ke Miami za ta ba shi suna, ta rubuta ƙarfinsa da hanyar da ya bi.

Ina ganin ya kamata NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta zauna da takwarorinta na Nijar da Chadi su fitar da jerin sunayenmu na manyan hadari da ambaliya, gajeru, waɗanda mai shela a rediyo zai iya faɗa manomi ya riƙe.