Wat 1000 ba ya nufin batirin zai kai ka asuba

Abin nan yana damuna wallahi, kullum sai na ji wani ya ce zai sayi akwatin batirin caji saboda na'urar CPAP ɗinsa, wacce ke hura wa mai matsalar ɗaukewar numfashi cikin barci iska, kuma abin da yake dubawa kawai shi ne wat. Wai in an rubuta 1000W to shikenan zai kwana lafiya. Ban ga laifinsu ba, lambar nan ita ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali.

Amma wat ƙarfin da akwatin zai iya fitarwa ne a lokaci guda, kuma CPAP ba ta da wani ci sosai. Abin da ke nuna tsawon lokaci shi ne Wh, wato yawan wutar da ke ajiye a ciki. Misali in na'urarka tana jan wat 40 kuma kana barcin awa 8, ka ga Wh 320 kenan, sannan inbata ma tana cin nata kason wajen juya wutar, don haka akwati mai 1000W amma Wh 300 zai mutu maka kafin gari ya waye.

Sai kuma tukunyar ɗumama ruwa da bututu mai ɗumi na CPAP ɗin, su ne asalin masu shan wutar, in ka kashe su ko ka samu wayar DC (wacce ke jan wutar batirin kai tsaye ba tare da ta bi ta inbata ba) da ta dace da na'urarka batirin zai daɗe sosai. Ka gwada shi dare ɗaya tun akwai wuta a gida.