Haƙurin da aka nema a Jamus da wanda aka nema a gida

Duk shugaban da matsalar makamashi ta rutsa da shi, magana ɗaya yake yi wa jama'arsa: a yi haƙuri, a rage, kowa ya ɗauki nasa nauyin. Na ji ta da Jamusanci a 2022 ina zaune a nan Jamus, na sake jin ta da Turanci daga Abuja a 2023. Kalaman kusan iri ɗaya ne. Abin da aka nema a wurin mutane ne ba ɗaya ba, shi ya sa raina ke sosuwa idan na ji wani daga cikinmu mazauna waje yana ce wa 'yan gida, "Ai ko a Turai ma ana shan wahala."

Ranar 27 ga Fabrairu 2022, kwana uku da aukawar Rasha kan Ukraine, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ce zamani ya juya. Ya ware wa sojoji yuro biliyan 100, ya kuma yi alkawarin gina tashoshin sauke gas daga jiragen ruwa a Brunsbüttel da Wilhelmshaven. A lokacin, fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke saye daga Rasha yake zuwa. Gas kuwa a nan ba zancen girki ba ne kawai. Kusan rabin gidajen ƙasar da shi ake ɗumama su, kuma wanda ya taɓa kwana a ɗakin da babu ɗumi cikin Janairu ya san ba jin daɗi ake magana ba.

Sai wa'azi ya biyo baya. Ministan tattalin arziki Robert Habeck ya fito ya ce shi kansa ya rage daɗewa a wanka. Winfried Kretschmann, shugaban jihar Baden-Württemberg na lokacin, ya tuna wa mutane cewa ba kullum sai an sakar wa kai ruwa ba, tsumman goge jiki ma yana da amfani. Jamusawa suka yi ta yi musu ba'a, kuma sun cancanci ba'ar. Wata tsohuwa 'yar fansho da muke hawa bene ɗaya ta ce mini ita tun kafin a haifi ministan take tattalin ruwan zafi.

To amma wa'azin bai zo hannu rabbana ba. Daga 1 ga Satumba aka hana ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19, aka kashe fitilun ƙawa da ke haska gine-ginen tarihi. Wato gwamnati ta fara da gidanta. A watannin Yuni, Yuli da Agusta, da yuro 9 kacal a wata mutum zai hau bas da ƙananan jiragen ƙasa ko'ina a faɗin ƙasar. An ba kowane ma'aikaci yuro 300. Daga baya aka ware yuro biliyan 200 don danne farashi, kuma tsarin da aka bi ya burge ni: kashi 80 cikin 100 na gas ɗin da gida ya saba sha, santi 12 za a biya kan kowane kilowat-awa, abin da ya haura kuma sai a biya kuɗin kasuwa. Kamfanin gas ya aiko mini da takarda, ga adadin da na saba sha, ga inda rangwamen ya tsaya, ga abin da zai rage a aljihuna in na yi tattali. Ranar 17 ga Disamba aka buɗe tashar Wilhelmshaven, wata goma bai cika ba da yin alkawarinta. Har shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier ya fito ya amsa cewa riƙon da ya yi wa bututun Nord Stream 2, wanda aka gina don kawo gas daga Rasha, kuskure ne.

Ba waliyyai ba ne. Mutanen da suka daɗe suna karanta wa Afirka illar man fetur da kwal, da sanyi ya taho sai ga su sun sake kunna tashoshin kwal, ga Habeck a Ƙatar yana sunkuyar da kai yana neman gas. Layin karɓar abincin agaji ya ƙara tsawo, kuma gwamnatin Scholz ba ta kai ƙarshen wa'adinta ba, ta wargaje a Nuwamba 2024.

A gida kuwa, ranar 29 ga Mayu 2023 a dandalin Eagle, Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin gari ya waye gidajen mai sun rufe ƙofa, 'yan bumburutu sun fito da jarkoki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin kwanaki, ta wuce 600 a Yuli, ta haura 1,000 a 2024. Tinubu da bakinsa ya faɗa wa 'yan Najeriya a Paris cewa maganar ba ta cikin rubutaccen jawabinsa, ƙarfin hali ne ya zo masa a kan mumbari. Ya faɗe ta ne a matsayin abin yabo.

Ba na cikin masu cewa da an bar tallafin. A 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4, man kuma yana tsallaka iyaka zuwa maƙwabta ana gani, kuma manyan 'yan takara uku na 2023 duk sun ce za su cire shi. Rigimata da jerin yadda aka yi abin ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jawabin lallashi sai 31 ga Yuli ya zo, bayan wata biyu. Ƙarin naira 35,000 ga ma'aikatan tarayya sai Oktoba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai Yuli 2024, lokacin da faɗuwar naira ta riga ta cinye shi. Cikin wannan tsakanin aka saya wa 'yan majalisa manyan motoci, aka ga naira biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa a ƙwarya-ƙwaryar kasafi har sai da aka yi ca, aka buɗe gidan mataimakin shugaban ƙasa na naira biliyan 21, aka kuma kawo sabon jirgin sama na fadar gwamnati a watan Agusta 2024, watan da matasa suka fito zanga-zangar yunwa.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Idan minista ya ce wa Bajamushe ya rage, akwai abin ragewa: ya sauke ɗumin ɗaki daga digiri 22 zuwa 19, ya sa rigar sanyi. Wutarsa ba ta ɗaukewa, famfonsa ba ya ƙafewa, motar haya na zuwa. Mutumin Kano fa? Shi ya haƙa rijiyar burtsatse ko yake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, shi ke zuba wa janareto mai, shi ke biyan 'yan sintirin unguwa, shi ke haɗa kuɗi da maƙwabta a gyara taransifoma. Ya daɗe yana ɗauke da nauyin kansa da na gwamnati a haɗe. Ƙanwata malamar firamare ce. Ta daina hawa a-daidaita-sahu da safe, tana takawa, firij ya zama ma'ajiyar kwanoni, abinci ya koma sau biyu. Na taɓa tura mata wani jawabi da aka yi kira a ƙara juriya, sai ta maido mini da saƙon murya: "Yaya, don Allah ka tambaye su, me kuma ya rage da za mu rage?" Wanda ya tsaya gaban irin wannan mata yana koya mata ɗaukar nauyi, ya ɓata adireshi.

Ta fuskar hulɗa da waje ma akwai abin dubawa. Kukan Turai gaba ɗaya a 2022 shi ne Putin ya mayar da gas makami. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki, ƙasar da kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga wajenmu yake zuwa, aka kuma rufe iyaka. An yi jawabai masu daɗi a kan kare dimokuraɗiyya. Sojojin ba su sauka ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne marasa lafiya a asibitocin Nijar da 'yan kasuwar Jibiya, Illela da Maigatari, mutanen da dangi ne ta aure da haihuwa. A Maris 2024 aka janye takunkumin, Nijar kuma ta riga ta sanar da ficewa daga ECOWAS. Ban ji wani ya fito ya ce lissafin bai yi daidai ba.

A ƙarshen Oktoba 2023 Scholz ya je Abuja, kuma gas na cikin abin da ya kai shi. Ya san abin da yake so da wanda yake nema wa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk jawabin da aka yi tun cire tallafi sai an ambaci gas a matsayin mafita. Bututun da zai kawo shi arewa, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yuni 2020 aka ce shekara biyu za a gama. Ranar da Scholz ya sauka Abuja, wa'adin ya wuce da fiye da shekara guda, masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai kuma suna ta sayen dizal.