Ilimin motsa jiki karatu ne, mu daina hana 'ya'yanmu shi

A gidaje da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, idan yaro ya ce zai karanci ilimin motsa jiki da wasanni bayan bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, amsar uba ba ta wuce: "Ƙwallo na tura ka yi ko karatu?" Wannan amsa tana cutar da mu 'yan arewa fiye da yadda muke zato.

Darasin EPS, wato motsa jiki da wasanni, yana cikin jarrabawar ƙasa, amma yadda muka ɗauke shi bai wuce gudu da tsalle da jifa ba, malam ya rubuta maki a watse. Ainihin ilimin shi ake bari a baya: yadda zuciya ke harba jini lokacin gudu, dalilin gajiyar tsoka, ruwa da gishirin da zufa ke kwashewa, abin da za a yi wa wanda ya yi targaɗe ko ya yanke jiki ya faɗi.

Ba mu manta da ɗan ƙwallon Kamaru Marc-Vivien Foé ba, wanda ya faɗi a fili a birnin Lyon a 2003 ana wasa da Kolombiya, ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana ɗan shekara 28. A Faransa ke nan, ga likitoci a bakin fili. To filin makarantar ƙauye fa, a watan Maris ko Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wataƙila ma yaran suna azumi? Mai busa usur a wannan fili dole ya san lokacin da zai ce a tsaya, ya kuma gane bambancin yaro mai ƙiwa da wanda zafi ya fara bugarwa. Wannan sani a aji ake samunsa.

Wurin karatun ma ba nisa. Akwai makarantun horar da malaman wasanni: INJS a Yawunde, CENAJES a nan Garwa. Garin da ƙungiyar ƙwallonsa Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, wanda filin Roumdé Adjia ya karɓi gasar kofin Afirka a farkon 2022, bai kamata ya rasa masu horarwa da masu kula da lafiyar 'yan wasa daga cikin 'ya'yansa ba.

Tsoron iyaye na rashin aiki ba wasa ba ne, domin gurbin gwamnati kaɗan ne. Amma wane fanni ne yau ya tsira daga wannan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan mata. Uwa ba za ta saki jiki budurwar 'yarta ta yi gudu gaban malami namiji ba, kuma na fahimce ta. Sai yarinya ta koma gindin bishiya har a tashi, a ƙasar da 'yar wasan tsalle Françoise Mbango ta ciyo wa zinare a gasar Olamfik sau biyu, 2004 da 2008. Maganin shi ne malamai mata 'yan yankin nan, waɗanda suka san suturar da iyaye za su yarda da ita. Ba za a same su ba sai an bar wasu sun karanci fannin.

Don haka nake kira ga hukumomin ilimi su buɗe wa ɗaliban ajujuwan ƙarshe na lise (sakandare) hanyar zurfafa wannan darasi, haɗe da ilimin halittar jiki da taimakon gaggawa, a kuma ware wa 'yan matan jihohin arewa uku gurabe a makarantun horar da malaman wasanni.