Warin Bakin Mai Azumi Daban, Warin Ƙazanta Daban

Assalamu alaikum 'yan uwa Musulmi. Allah Ya karɓi ibadunmu.

Akwai hadisin da kowa ya haddace, amma da yawa daga cikinmu sun ajiye shi inda ba muhallinsa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa warin bakin mai azumi ya fi turaren almiski ƙamshi a wurin Allah. Gaskiya ne babu tantama. Sai dai warin da ake nufi shi ne wanda rashin ci da sha ke haifarwa. Ragowar naman sahur da ya maƙale a matauni tun asuba har la'asar ba ya cikin wannan falala, kuma wanda ke kusa da kai a sahu yana da haƙƙi a kanka.

Me ke faruwa a bakin mai azumi? Jiki na samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kullum, kuma tauna ce ke zuga shi. Yawun nan ne ke wanke haƙora yana kashe kaifin tsami. Idan aka wuni ba a tauna komai ba sai ya ragu, baki ya bushe, ƙwayoyin cutar da ke kwance a can bayan harshe su samu sarari su cinye ragowar abinci, su saki iska mai ɗoyi. Wannan kaso ana iya maganinsa. Ɗaya kason daga numfashi yake, lokacin da jiki ya koma ƙona kitse, shi kam ba buroshin da zai kai gare shi.

Aikin duka da dare ake yin sa, sau biyu: kafin kwanciya bayan asham, da kuma bayan sahur. Na biyun ne aka fi sakaci da shi. Mutum ya sha kunu da sukari, ya ci dabino mai danƙo, ya yi sallar asuba ya koma barci, a lokacin da yawu ya fi ƙaranci. Nan ne tsutsar haƙori ke samun gindin zama. Don haka a gama sahur da sauran lokaci. A sa man goge baki mai sinadarin fuloraid, gwargwadon ƙwayar wake, a goge minti 2 cikakku da buroshi mai laushi, ana karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. A bi da zaren sakace tsakanin haƙora, domin buroshi ba ya shiga can. Sannan harshe: a kankare shi daga baya zuwa gaba sau uku ko huɗu, za ka ga farin dattin da ke fitowa. Da dare a tofar da kumfar kawai kada a kuskure, don maganin ya zauna a haƙori. Bayan sahur kuwa a kuskure da kyau kafin alfijir.

Wani abu da ba a cika sani ba: zoɓo, kunun tsamiya, lemon tsami da lemon kwalba suna tausasa fatar haƙori na ɗan lokaci. Wanda ya sha ya ɗauki buroshi nan take, kankare haƙorinsa yake yi. A kuskure da ruwa, a jira minti 30. Ruwan sha kuma a rarraba shi daga magariba zuwa sahur, ba a ɗura shi gaba ɗaya ba. Ɗanyar albasa da tafarnuwa a bar su wa buɗa-baki, domin warinsu ta huhu yake fita.

Da rana asuwaki ne abokin tafiya. Annabi (SAW) ya ce asuwaki tsarki ne ga baki, yarda ce ga Ubangiji. A Risala, Ibn Abi Zaid ya ce babu laifi mai azumi ya yi asuwaki a dukkan wuninsa. Malikiyya sun karhanta ɗanyen icce kawai, saboda ruwansa da ɓarɓashinsa na iya wucewa maƙogwaro. A nemi busasshe, a fere kamar santimita ɗaya a kai, a jiƙa da ruwa, a tofar da duk abin da ya gutsuro. A riƙa yanke kan da ya baje kullum, kuma kada a cusa shi a aljihu yana jiƙe tare da kuɗi da makulli. Kurkurar alwala tana nan daram, a dai guji zurfafawa, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci sahabi Laƙiɗ bin Sabira game da shaƙa ruwa.

Mai ciwon haƙori kada ya ce sai bayan Sallah. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta zartar cewa cire haƙori, huda shi ko wanke shi ba sa karya azumi muddin ba a haɗiye komai ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi likita bayan magariba. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi. Kanumfari na lafar da zogi amma ba ya toshe rami. Dasashin da ke jini wajen gogewa alamar kumburi ce daga taruwar datti, ci gaba da gogewa a hankali ake yi, a haɗa da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi da dare. Idan mako biyu ya wuce bai daina ba, musamman ga mai ciwon sukari, a ga likitan haƙori. Kumburin fuska da zazzaɓi ko wahalar haɗiya kuwa, a tafi asibiti a ranar, ko da zai kai ga ajiye azumin a rama daga baya.