Changshan: saiwar da ta fi kwinin ƙarfi amma ta ƙare a abincin kaji

A tsaunukan kudancin ƙasar Sin, wajajen Sichuan da Guizhou da Yunnan, akwai wani ɗan itace mai son inuwa da damshi, mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye. Masana tsirrai na kiransa Dichroa febrifuga, Sinawa kuma suna kiran saiwarsa changshan. Saiwa ce mai tauri, a murɗe, cikinta ruwan ɗorawa, ga ɗan karen ɗaci. Kusan shekara 2,000 ke nan sunanta na cikin littattafan magani na Sinawa a matsayin maganin zazzaɓin da ke zuwa da rawar ɗari, ya lafa ya dawo, wato zazzaɓin cizon sauro. Na ɗauko labarinta ne domin ban san wani labari da ya fi shi tona asirin kalmar nan da ake yawan jefa mana ba a kasuwa da rediyo da Facebook: "Maganin Sinawa ne, daga itatuwa aka yi shi, ba shi da wata illa."

Sinawan da suka fara rubuta changshan ba su taɓa cewa ba ta da illa ba. Littafinsu na magani mafi tsufa, Shennong Bencao Jing, ya lissafa magunguna 365 ya kasa su gida uku. Na sama su ne waɗanda za a iya sha a daɗe ana sha. Na ƙasa su ne masu dafi, waɗanda ake ɗauko wa cuta mai tsanani, da zarar an samu sauƙi a ajiye su. A wannan gida na ƙasa changshan take. Li Shizhen, babban masanin da aka buga kundinsa a 1596, ya bayyana ƙarara cewa idan aka sha ta ɗanya sai an yi amai, idan kuma aka turara ta da giya ko aka soya ta ƙarfinta yakan ragu. Har ma akan ba da ita da gangan don a sa mutum ya amayar da abin da ya tsaya masa a ƙirji. Ashe masu maganin gargajiyar can sun rubuta amfanin, sun rubuta cutarwar, sun rubuta dabarar rage ta, duk a shafi guda. Wannan ɗabi'a ta rubuta aibin magani kusa da alherinsa ita ce abin da ya fi burge ni a gadon Sinawa, kuma ita ce dillalan kwalabe suke barowa a can idan sun shigo mana da kaya.

Yaƙi ne ya kai saiwar ɗakin gwaji. A 1942 sojojin Japan suka mamaye tsibirin Java na Indonesiya, inda kusan duk kwinin ɗin duniya, wato babban maganin maleriya na wancan zamani, yake fitowa. Sin na fama da yaƙi, maleriya na kwantar da sojoji da fararen hula a kudu maso yamma, ga shi babu kwinin. Dole ta sa aka waiwayi tsoffin littattafai. Wani masanin harhaɗa magunguna, Zhang Changshao, da abokan aikinsa suka gwada changshan a kan kaji masu ɗauke da ƙwayar maleriyar tsuntsaye, suka kuma gwada a kan majinyata, suka ga lallai tana sauke zazzaɓi tana kuma rage ƙwayar cutar a jini. Sun wallafa sakamakon a mujallar Science a 1946. Shekara guda bayan haka masu bincike a Amurka suka ware ainihin sinadarin da ke aikin, aka sa masa suna febrifugine. A gwajin da aka yi kan agwagi, ƙarfinsa ya ninka na kwinin kusan sau 100.

Ka yi tunanin murnar da aka yi. Sai dai murna ta koma ciki, domin abin da tsoffin littattafai suka faɗa shi ɗin ne ya bayyana: amai. Majinyaci ya sha, cikinsa ya murɗa, ya dawo da shi. Gwajin dabbobi ya nuna yana taɓa hanta. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe ƙwayar cuta da adadin da ke cutar da mai shan ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Ga kuma kulorokwin ya fito, mai arha, mai sauƙin sha. Aka jingine febrifugine.

Masana ba su watsar da shi gaba ɗaya ba. Sun yi ta sassauya ƙirar sinadarin suna neman wanda zai riƙe ƙarfin ya zubar da dafin, har a shekarun 1960 aka samu wanda ake kira halofuginone. Bai zama maganin maleriyar mutane ba, amma ya samu aiki a gonar kaji. Duk mai kiwon kajin gidan gona ya san koksi, cutar nan da ke sa kaji su takure a lungu, fukafukai a sake, kashinsu da jini-jini, kafin ka ankara ka fara kwasar mushe. Ƙwayar da ke kawo ta dangi ce ta ƙwayar maleriya. Halofuginone na hana ta, kuma abin da ake zubawa bai wuce giram 3 a tan guda na abinci ba. A Turai ana ba jariran maruƙa shi don wata gudawa da makamanciyar wannan ƙwaya ke haddasawa. Giram uku a tan guda! Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin ƙarfin da ke kwance a cikin saiwar da wani zai ce "ai itace ne kawai".

Sai a 2012 aka gano takamaimai yadda yake aiki, lokacin da masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna inda yake kamawa. Kowace ƙwayar halitta na gina furotin ne daga ƙananan sinadarai iri 20, kuma kowane iri yana da ma'aikacin da ke ɗauko shi ya miƙa, kamar yadda lebura ke miƙa wa magini bulo. Halofuginone na zuwa ya cika hannun ma'aikacin da ke miƙa sinadarin proline, sai ginin ya tsaya cak. Ƙwayar maleriya da ke hayayyafa cikin gaggawa a jini ba ta jure wannan, sai ta mutu. Matsalar ita ce jikin ɗan Adam ma yana da irin wannan ma'aikaci, kuma sun yi kama sosai da na ƙwayar cutar. Ƙofar da maganin ke bi ya kashe cutar, ta nan yake bi ya taɓa mai ita. Binciken da ake yi yanzu shi ne na ƙera wanda zai kama na ƙwayar cutar ya ƙyale namu. An kuma lura yana kwantar da wani sashe na sojojin garkuwar jiki, yana rage taruwar tabo a naman jiki, shi ya sa ake duba shi a kan wasu cututtukan da ba su da alaƙa da sauro. Amma har yau babu wani maganin maleriya na mutane da aka amince da shi a asibitocin duniya daga wannan saiwa.

Na san amsar da masu kare maganin gargajiya za su bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce laifin masu ɗakin gwaji ne da suka zare sinadari guda suka tace shi, alhali Sinawa ba sa ba da changshan ita kaɗai, haɗa ta suke da wasu itatuwa da ke tausasa ta. Mai yiwuwa haɗin na rage aman. To amma wannan ma magana ce da ake iya aunawa: a ba wasu haɗin, a ba wasu maganin da aka sani, a duba jininsu, a ƙirga wanda ya warke da wanda cutar ta dawo masa. Wanda ya yarda da haɗinsa bai kamata ya ji tsoron wannan awo ba. Kuma ko haɗin ya yi kyau, saura tambayar da ba a son yi: me ke cikin kwalbar? Saiwa idan ta zama gari, ido ba ya bambance ta. A farkon shekarun 1990, a wani wurin rage ƙiba da ke Brussels ta ƙasar Beljiyam, an shigo da garin wata saiwar Sin, Aristolochia fangchi, a maimakon Stephania tetrandra, saboda sunayensu na Sinanci sun yi kusa. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya aka same su da kansar mafitsara da hanyar fitsari. Ba su yi wani ganganci ba, likita ne ya rubuta musu.

Kada a ɗauka ina cewa a raina saiwa. Wanda ya raina ta bai san tarihin maganin da yake rubutawa ba. Neman da aka faro da changshan shi ne aka ci gaba da shi a shirin da gwamnatin Sin ta ƙaddamar ranar 23 ga Mayu, 1967, wanda a cikinsa wata masaniyar harhaɗa magunguna, Tu Youyou, ta bi bayanin wani tsohon littafi na Ge Hong, ta gane cewa tafasawa ke kashe ƙarfin ganyen qinghao, dangin tazargade. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, daga nan aka samu sinadarin artemisinin mai kashe ƙwayar maleriya, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Magungunan maleriya na ACT da ake ba yaranmu a asibiti daga nan suka samo tushe. Changshan da qinghao duk littattafan gargajiya sun yabe su. Awo ne ya nuna wanne za a ba yaro, wanne za a ba kaza. Ko qinghao ɗin ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a jiƙa ganyensa a sha a matsayin maganin maleriya ba, saboda ba a san yawan sinadarin da ke cikin kowane kofi ba, kuma shan abin da bai kai ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. Ga ƙasa irin Najeriya, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun iya sayen kwalaben Sinawa, mun kasa kwaikwayon aikin da suka yi. Jama'a da dama ba su san cewa lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya ba shaidar warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubutawa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Da ƙananan haruffa ake rubuta shi, da Turanci, mai lasifika a bakin kasuwa kuwa da Hausa yake magana. Ya kamata a tilasta faɗin wannan gargaɗi da Hausa a duk tallar da aka yi da Hausa.

Mun kuma taɓa nuna za mu iya. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta auna shi a kan masu cutar sikila, aka samu Niprisan. Irin wannan aiki ake buƙata a kan sabara da marke da maɗaci da sauran abin da iyayenmu ke jiƙawa. A zauna da tsofaffin masu magani tun suna raye, a rubuta abin da suke bayarwa da adadinsa, a rubuta wanda suke hana mai ciki da wanda suke hana yaro da wanda suka ga ya taɓa kwantar da mutum, a rubuta sunan mai ilimin don kada haƙƙinsa ya salwanta, sannan a ba sassan harhaɗa magunguna na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri kuɗin da za su auna.